Rijiyar Malam Ta Yi Zartsi

Laraba mai koko ce ta fara faɗa da baki. Ta shigo da hantsi da bokiti biyu kamar yadda ta saba, ta ja ruwa, ta kurɓa daga bakin guga, ta juya kai ta furzar.

"Gwaggo Iyatu, miya kuka koma dafawa a cikin rijiyar nan?"

Iyatu tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. "Bakinki ne. Wadda ta karya da ƙuli-ƙuli ai komai gishiri za ta ji."

"Ni da ko ruwa ban sa a cikina ba? Jiya wani direban Rijau ya sha kokona, ya ce ko kuka nake yi a kan tukunya. Zo ki ɗanɗana da kanki."

Iyatu ta tashi ta ɗanɗana. Ta daɗe da ruwan a baki kafin ta haɗiye. Ta koma kan tabarmarta.

Ƙaninta Jinaidu yana cikin ɗakinsa, taga a buɗe, yana rubuta abin da ya kama a rediyo da asubar ranar. Duk abin da aka faɗa a kunnensa. Ya ajiye biro. Tun bai fito ba ya san daga inda gishirin ya zo.

Rijiyar ta mahaifinsu ce. Malam Abdulsalami ya sa aka haƙa ta shekara biyu kafin ya rasu, gaba bakwai, ya ce sadaka ce. Ya fasa katanga ya yi 'yar ƙofa ta baya don mata su shigo ba sai sun ratsa zaure ba. Wasiyyarsa a kanta guda ce: kada a hana kowa. Unguwar duka a nan take sha. Ko a shekarun da rijiyoyin gari suka ƙafe har aka koma tonon yashi a rafi, ta Malam ba ta yanke ba. Da mijin Iyatu ya rasu ta dawo gida, sai ta zama ita ce mai rijiya. Ita ke sauya igiya, ita ke korar awaki, ita ke raba faɗan layi. Takan ce duk gugan da ya fito, ladansa kai tsaye yake tafiya kabarin Malam.

Shi kuwa Jinaidu ma'aikacin waya ne. Ya yi kwas a Ikko, ya dawo da wata tsohuwar rediyon jirgin ruwa wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta, da wata ɗabi'a da ba wanda ya gane kanta a gidan. Kowa a Kontagora yana kama London da Jamus a gajeren zango. Jinaidu bai ɗauki wannan a bakin komai ba, don waɗancan dama an yi su ne a ji su daga nesa. Abin da yake farauta yana matsakaicin zango: ƙananan tashoshin da aka kafa don garinsu kawai, waɗanda da rana ko mil ɗari ba sa wucewa. In duhu ya rufe hanyar da ke tsakaninka da su, muryarsu takan yi tsalle ta faɗo inda ba a aike ta ba. A watannin sanyi, daga sallame sallar asuba zuwa fitowar rana, akwai kamar minti arba'in da ƙasar Brazil kan ƙetaro teku ta sauka a ɗakinsa. Murya can ƙasa-ƙasa kamar ana magana a cikin tulu, tana zuwa tana komawa. Sai ya rubuta rana da lokaci da mita da irin kiɗan da aka sa, ya aika wa tashar da wasiƙa. Wasu kan amsa bayan wata takwas, da kati mai tabbatar da cewa lalle su ɗin ya ji. Yana da irin katin nan sittin da ɗaya a cikin gwangwanin biskit. A duk garin mutum ɗaya ne ya san darajarsu, Ndanusa, malamin kimiyya a sakandare, shi ma mai irin ciwon.

Irin wannan kamu yana son doguwar waya a sama da kyakkyawar waya a ƙasa. Ta sama ba wuya, ya ja ta daga darbejiyar ƙofar gida zuwa mangwaron maƙwabta. Ta ƙasa ce aiki. Gidan a kan marmara yake, da rani ƙasar takan bushe ƙamas, rediyo ta cika da shuuu. Wata 'yar mujalla ta masu wannan sha'awa da ake aiko masa daga Turai ta ce a binne jan ƙarfe a wuri mai laima, a zuba gawayi da ɗan gishiri. Wuri mai laima a gidan guda ɗaya ne. A shekarar tamanin da shida ya haƙa rami taku huɗu daga bakin rijiya, a bayan randunan wanki, ya binne tsohon lagireton tifa, ya kafa bututu a kai yadda zai riƙa ɗura ruwa. Ya ce wa Iyatu maganin tsawa ne. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba.

Mujallar ɗan gishiri ta ce. Amma Jinaidu ya lura duk ranar da ya ɗura ruwan gishiri, hayaniyar takan kwanta, muryoyin su matso. Sai ya ƙara. Daga tafi ɗaya ya koma mudu, daga mudu ya koma sayen gishirin shanu buhu-buhu. Shekara bakwai yana yi. Bai taɓa tambayar kansa inda gishirin ke tafiya ba in damina ta sauka.

Iyatu ta ce a yashe rijiyar, wataƙila wani abu ne ya faɗa. Aka kira Andarawus, mutumin Dukku, wanda shi da mahaifinsa suka haƙa ta tun yana saurayi. Ya zo da abokan aikinsa biyu, suka kwashe ruwan tas, ya sauka da igiya a ƙugu. Aka fito da laka, da guga uku da suka tsinke tun zamanin da, da cokula, da rabin kwano. Ba mushe, ba komai.

Da ya fito ya zauna a kan turmi yana kankare laka daga ƙafarsa, yana bin tsakar gidan da ido. Ya tashi ya zagaya bayan randuna. Ya tsuguna gaban bututun, ya karce farin abin da ya daskare a bakinsa, ya kai harshe. Bai yi magana ba sai da Iyatu ta shiga ciki damo musu fura.

"Injiniya, wannan bututu na mene ne?"

"Na rediyo ne."

"Rediyo tana shan gishiri?"

Andarawus ya nuna rijiyar da yatsa.

"Bangon rijiyar ta wannan gefe, daga gaba uku zuwa ƙasa, fari fat. Na lasa. Har yanzu harshena bai dawo ba."

"In an tone ramin fa? A kwashe ƙasar duka a fitar."

"A tone mana. Wanda ke sama zai fita. Wanda ya sauka ya riga ya sauka. Ni rami nake haƙawa, Injiniya, ban iya wanke ƙasa ba."

"Kada ka gaya mata."

"Ni yasar rijiya aka kira ni. Ba a kira ni surutu ba."

Jinaidu ya ce wa Iyatu maganin tsawar ya tsufa, za a cire. Suka tone. Lagireton ya fito kore shar, yana marmashewa a hannu. Ƙasar da ke kewaye da shi tana ƙyalli kamar an barbaɗa mata gilashi. Baro goma sha tara suka fitar bayan gari, suka cike ramin da jar ƙasa sabuwa. Washegari da ya dawo daga masallaci ya kunna rediyo, bai ji komai ba sai Kaduna da shuuu. Ya kashe.

Cikin kwana uku ruwa ya dawo rijiyar, garau, sanyi ƙalau. Gishirin ya fi na da.

Mata ba su daina zuwa rana ɗaya ba. Da farko suna ɗiba na wanki, su nemi na sha a wani wuri. Sannan aka ce sabulu ba ya kumfa, tufafi suna bushewa da fari-fari. Laraba ta ce ita ta koma rafi, shanu ne kaɗai za su gode wa wannan ruwa. Famfon bakin titi kuwa sau biyu yake zuwa a mako, in ya ga dama. Tsakar gidan da kullum sai an yi faɗa a kan wa ta riga wa, ta koma ana jin kukan kurciya da hantsi. Wasu suka ce aljanu ne suka tare a ciki, wasu suka ce ƙasa ce ta juya. Liman ya zo ya yi addu'a, ya kurɓa don ladabi, ya yi ta gyaran murya har zaure.

Ndanusa ya zo wata Asabar a kan kekensa, ya shiga ɗakin ba sallama mai tsawo.

"Ka ji 'yan Brazil jiya? Wallahi kamar a Minna suke. Har tarin mai gabatarwa na ji. Me ka kama?"

"Na cire wayar ƙasa."

"Ka cire? A tsakiyar Janairu? Kai da ka fi kowa kyan ƙasa a jihar nan?"

Jinaidu ya gaya masa. Ndanusa ya cire hula ya shafa kai. Malamin kimiyya ne, bai buƙaci dogon bayani ba.

"Kai, Jinaidu. Buhu nawa?"

"Ban ƙirga ba. Uku duk rani, wani lokaci huɗu."

"Da ka tambaye ni."

"Na tambaye ka. Ka ce in ƙara."

Ndanusa ya mayar da hularsa. Ya ɗan zauna, ya ce yana da aikin yara da zai duba, ya tafi.

Abin da Jinaidu bai yi tsammani ba shi ne inda tunanin Iyatu zai nufa. Bara da rani wasu masu buga bulo sun riƙa zuwa da kura da jarka goma sha biyu, sau uku a rana, suna ƙarar da ruwan kafin mata su samu. Ta yi haƙuri mako biyu, rana ta goma sha biyar ta tsaya a ƙofar baya ta ce kada ta sake ganinsu. Kowa ya ce ta yi daidai, ita ma ta manta. Yanzu ta tuna. Malam ya ce kada a hana kowa, ita ta hana, ga shi an karɓe sadakar. Ta fara azumin Litinin da Alhamis, daga nan ta koma kullum. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, ga ciwon ƙafa. Ta rame har zobenta ya daina zama. In ya shigo gaishe ta sai ya tarar da ita tana kallon rijiyar, carbi a hannu ba ta ja.

"Ni na jawo wa Malam," in ji ta. "Yana kwance yana samun ɗan sanyinsa, na zo na toshe."

"Yaya, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya buɗe baki, ya ce ƙasa ce kawai, takan yi haka.

Ta sa aka yi mata cigiyar masu bulon. Aka ce sun koma Bangi, suna aikin wani gini. Ta ce ya kai ta ta roƙi gafararsu. Ya ce hanyar ba kyau, ta ce to za ta tafi tasha da ƙafarta. Ranar Lahadi ya goya ta a babur, ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun da ƙullin goron da za ta ba su.

Sun bar gari da kamar mil goma ya sauka daga titi ya tsaya a gindin wata kaɗanya.

"Mai ya ƙare?"

"A'a. Sauko, Yaya."

Ta sauko da ƙyar. Ya gaya mata, idonsa a kan tankin babur. Lagireto, bututu, gishiri, abin da Andarawus ya gani a bango. Bai rage ba. Wata tifa ta wuce da yashi, ya jira ƙararta ta yi nisa, ya ƙarasa.

"Maganin tsawa," in ji ta.

"E."

"Buhunan nan da nake gani ana shigo da su, na ɗauka fatauci ka fara. Har addu'a na yi maka."

Ta matso kusa da shi.

"Wata biyu kana kallona ina azumi."

"Na kasa gaya miki, Yaya."

Ta nemi saiwar itacen ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Ta daɗe tana kallon gonakin da aka girbe. Da ta sake magana, muryarta ba faɗa a ciki, tambaya take yi tsakani da Allah.

"Mutanen nan da kake ji, me suke ce maka?"

"Ba da ni suke ba. Da mutanen garinsu suke."

"To me suke ce wa mutanen garin nasu?"

"Ba na jin yaren."

Ta juyo ta dube shi. "Ko kalma?"

"Sunan tashar. Da ɗan ƙidaya."

"Shekara bakwai."

"E."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa farashin abin da ba za ta saya ba. Ta dafa itacen ta miƙe.

"Mu koma gida?" in ji shi.

"Mu je Bangi. Ai dai na kore su."

Suka je. Mutum ɗaya suka samu daga cikin masu bulon, shi ma sai da aka yi ta tuna masa. Ya yi dariya, ya ce Hajiya ai ba komai, ya karɓi goro. Suka dawo gida. Ta daina azumin. Ba ta gaya wa kowa a unguwa ba, kuma ba ta sake ɗaga zancen da shi ba. Abincinsa yana zuwa a kan lokaci, gaisuwarsa tana amsawa, iyakarta ke nan.

Jinaidu ya sa rai ga damina. Ndanusa ya ce ruwan sama zai iya wanke gishirin, ya kuma ce zai iya ƙara tura shi ƙasa, ya danganta. Aka yi damina mai kyau, rijiyar ta cika har ana taɓa ruwa da gajeriyar igiya. A watan Agusta gishirin ya ragu sosai, har Laraba ta dawo da bokiti ɗaya tana cewa a yafe mata. Jinaidu ya fara barci. Da ruwa ya ɗauke rijiyar ta fara sauka, ɗanɗanon ya dawo, mako-mako yana ƙaruwa. Kafin a gama yankan dawa Laraba ta sake komawa rafi.

Aka sake kiran Andarawus. Ya sake sauka, ya sake fitowa. Wannan karon Iyatu ba ta shiga ciki ba, ta tsaya a kansa.

"Faɗi a gabana. Na sani."

Andarawus ya dubi Jinaidu, ya dubi ƙasa. "Ya shiga jijiyar ruwan, Gwaggo. Yasa ba za ta fitar da shi ba."

"A haƙa wata a can gefen zaure."

"Can dutse ne. Babana ya gwada wuri uku a gidan nan kafin ya samu wannan."

"To sai yaya?"

"Abu ɗaya na sani. A riƙa ja ana zubarwa. Kullum, da yawa, kafin rana ta yi zafi, don sabo ya samu wurin shigowa. Kuma kada a zubar a tsakar gida, zai koma inda ya fito. A kai kwatar bakin titi."

"Har yaushe?"

"Na ga wadda ta yi shekara huɗu ta gyaru. Na ga wadda aka gaji aka cike ta."

"Wannan wacce ce?"

"Gwaggo, in na ce na sani na yi ƙarya."

Tun daga ranar, in an sallame asuba Jinaidu yakan tuɓe riga ya kama igiya. Guga hamsin ya yanka wa kansa. Ya cika jarka huɗu, ya tura baro zuwa bakin titi, ya tuttular, ya dawo. Tafin hannunsa ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Masu dawowa daga masallaci da farko suna tsayawa kallo, mutum yana zubar da ruwa a kwata da rani, mata kuma suna wucewa ta gabansa da tuluna za su rafi. Daga baya aka saba. Wani kati ya iso daga wata tasha da ya rubuta wa tun bara. Ya karɓo a gidan waya, ya sa a aljihu, ya kwana uku a nan kafin ya tuna.

Wata safiya cikin watan Fabrairu Iyatu ta fito da sanda, ta tsaya daga nesa tana kallonsa yana juye guga a jarka.

"Jinaidu."

"Na'am, Yaya."

"Ruwan da aka ja aka zubar a kwata, ba wanda ya sha. Akwai lada a ciki? Yana kai wa Malam?"

Ya tsaya da igiya a hannu. "Ban sani ba, Yaya."

"Kai da ka yi karatu har Ikko."

"Ba a koya mana wannan ba."

"To ka tambayi Liman."

Ya ce zai tambaya. Ta juya ta koma ɗaki tana jan ƙafa. Ya san in ya tambaya sai ya faɗi dalili, kuma ya san ko ya faɗa, amsar ba za ta sauya ruwan ba. Saura guga talatin da ɗaya. Gabas ta fara ja. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sake zura igiya.